Hannun Sarkin Tsatsa

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Fitowa ta uku ta shiga kasuwa da safe. Kafin rana ta take tsaka masoya sun yanka ni, sun feɗe, sun rataye a dandalin sada zumunta.

Bari in rubuta, ko zuciyata ta lafa. Mujallar zanen Garkuwa ta daɗe tana fita tun ina makaranta: jarumi ɗaya mai sulke, shi ne Garkuwan, mugaye kuwa kamar a yi gwanjonsu. Wanda masoya suka fi mutuwa a kansa shi ne Sarkin Tsatsa, wanda duk abin da ya taɓa sai ya yi tsatsa ya marmashe. Tsohon mai zanenmu ƙato ya yi shi, da hular ƙarfe da ƙirji kamar ƙofar gareji. Da ya yi ritaya aka miƙo min fensir, Oga, mai mujallar, ya ce in sabunta mugayen. Ni kuma na tuɓe wa Sarkin Tsatsa hular da sulken, na mai da shi siririn dattijo cikin tsohuwar kwat, ba shi da makami sai hannunsa na dama, tsirara. Har yanzu ina kan bakana: dattijon da zai miƙo maka hannu ku gaisa ya fi ƙaton da ka hango tun daga nesa ban tsoro.

A fitowa ta farko suka ce na kashe musu bos, gogan mugaye. A ta biyu suka ce to, ba laifi, a ba ta lokaci. Yau kuma hannun suka kama. Wai ya karkace, wai yatsun kamar an taka su, wai a yi karo-karo a saya min littafin koyon zane.

Ni ce ban iya zana hannu ba? Ni?

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Na rantse ba zan buɗe dandalin ba. Na buɗe tun kafin in wanke fuska.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Abin da ba su sani ba, hannun Baba ne. Ban taɓa zana hannu da ka ba, ban kuma jin kunyar faɗa. Fuska, mota, gini, duk ina iya fito da su ido rufe, amma hannu sai na ga na mutum a gabana. Kullum ƙarfe huɗu Baba zai shigo ɗakin aikina, ya ja kujerar roba kusa da teburina, ya nannaɗe hannun riga, ya ɗora hannunsa ƙarƙashin fitila. In ce buɗe, ya buɗe. In ce dunƙule, ya dunƙule. Abin da na gani shi nake saukewa a takarda, ba ƙari ba ragi, ko tabon da ke bayan babban yatsansa ban bari ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, yana ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba da hantsaki, shi ne za a ce hannunsa bai yi ba?

Yau ma ya zauna. Ya ce, “Auta, me mutanenki suka ce?”

Na ce, “Sun ce hannunka ya lalace.”

Ya yi dariya har da tari. “Hannun da ya ciyar da ke har kika yi bakin magana? Gaya musu na gode.”

Da muka gama ya mayar da shi aljihu ya fita. Hannun daidai yake, idonsu ne da matsala.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Alƙali ya saki bidiyo. Wani mai gemu ne da ke zama gaban kyamara yana yanke wa kowane shafi hukunci, shi ya sa masoya suka laƙaba masa sunan. Bai taɓa zana ko da ƙwai ba, amma ji yake shi ya haifi Garkuwa.

Ya jera fitowa ukun a kan tebur, ya ɗauko jan biro. “Jama'a ku duba da kyau. A ta farko yatsu biyar a miƙe, lafiya lau. A ta biyu ƙaramin ya fara lanƙwashewa. A ta uku biyu sun kwanta, ga kuma wani rami ya fito tsakanin babban yatsa da manuni. Ko dai 'yar'uwarmu ta gaji ne? In ta gaji ta faɗa, a dawo mana da hular ƙarfe.”

Na kalla har ƙarshe, na sake kalla daga farko, ina zaginsa a raina. Abin haushin, ya iya jera abu.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Oga ya kira ni ofis. Fankar da ke saman kansa tana ta ƙara, shi kuma yana juya wayarsa a kan tebur.

Ya ce, “Ni fa ba na son hayaniya. Fitowa ta huɗu ita ce ƙarshen labarin nan, kin kuwa san shafin ƙarshe.”

Na sani mana. Gadar da Sarkin Tsatsa ya taɓa ta karye da shi, yana reto, Garkuwa ya miƙo masa hannu. Shafi guda cur, ba komai a ciki sai hannaye biyu.

Ya buɗe durowa ya fito da hannun katako, irin mai gaɓoɓi da ɗaliban zane ke lanƙwasawa. “Ga wannan. Yatsunsa biyar, duk suna aiki.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, in ka ga katako ya ba mutum tsoro to na zana shi.”

Ya ce in dai tafi da shi. Yana cikin jakata, ban fito da shi ba.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ban karya ba. Na share ɗakin aiki, na fiƙe fensiran da suke a fiƙe, na sake share ɗakin.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Ikon Allah! Iska ta juya.

Wata yarinya a dandali ta rubuta dogon sharhi cewa ba kuskure ba ne, dabara ce. Wai tsatsar da yake sa wa duniya ce ta fara cin hannunsa, a hankali, daga fitowa zuwa fitowa, kuma mai zanen ta ɓoye abin ne don masu ido. Kafin awa guda magana ta bazu. Waɗanda suka ce a saya min littafin koyon zane su ne yanzu ke kirana gwana. Samari suna ɗaukar hoto da yatsu biyu a lanƙwashe, wai gaisuwar Sarkin Tsatsa. Har Alƙali ya dawo da sabon bidiyo, yana shafa gemu, wai dama shi ya fara hango abin, gwada mu yake.

Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na yi tsalle a tsakar ɗaki kamar yarinya. Sai dai ni na san ban shirya wata tsatsa ba. Abin da na gani na zana.

Na kai wa Baba shayi na ba shi labari. Ya ce, “Ashe na zama tauraro da tsufana.” Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya ce na cika shi da yawa.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Oga ya bugo, muryarsa kamar an yi masa albishir. An ƙare fitowa ta uku a shaguna, za a sake bugawa.

“Ki manta da katakon nan. Hannun nan shi ne kasuwarmu. A ta huɗu ki ƙara lalata shi, ki lalata shi sosai, mutane su ji tausayi. Kin ji ko?”

Na ce na ji.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya zauna. Na ce, “Buɗe duka.” Ya buɗe. Na ce, “Duka, Baba, kamar za ka kama wani abu.” Ya ce ai a buɗe yake.

Zanen ya yi kyau ƙwarai. Oga zai so shi.

Talata, ƙarfe goma na safe

Saƙo ya shigo min ta gefe, ba a dandali ba. Ba hoto, ba suna na kirki. Ga abin da ta ce:

“Sannu da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɗana ne mai sayen mujallar, ni kuma in karanta in ya yi barci. Ba zagi na zo yi ba, ba kuma yabo ba. In da ka kika zana hannun nan, to kin yi bincike sosai. In kuwa hannun wani kike kallo, don Allah ki kai shi asibiti, kada ki jira fitowa ta huɗu.”

Na rufe wayar, na kife ta, na ɗora littafi a kai.

Mutane dai ba sa rasa abin faɗa. Kowa ya zama likita a waya.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Hannun daidai yake.

Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Na ce wa Baba yau ba zama, kaina ke ciwo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jima, sannan ya ce Allah ya sawwaƙe.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Yau ban yi aikin komai ba sai bin Baba da ido, kamar ɓarauniya a gidanmu.

Rigunansa masu maɓalli duk suna ƙasan akwati, waɗanda ake zurawa ta kai yake sawa. Yaushe ya canza? Mabuɗin ƙofar gida da hagu yake murɗa shi. Agogon maƙwabcinmu mai shago yana kan teburinsa cikin ɗan faranti, an buɗe bayansa an bar shi, ƙura ta hau gilashin. Na tuna mutumin ya aiko tambaya tun tuni, Baba ya ce ana jiran kaya. Baba bai taɓa jiran kaya ba, gwangwanayensa cike suke da cikin agogo.

Da mai kawo ruwa ya miƙo masa hannu, sai ya dafa kafaɗarsa yana masa wasa. Hannun dama yana aljihu. Kullum yana aljihu.

Na zauna da mujallun uku a kan gado. Ban buƙaci jan biron Alƙali ba.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na same shi yana sauraron rediyo. Na ce, “Baba, hannun nan yana maka ciwo ne?”

Bai kalle ni ba. “Wane hannu?”

“Baba.”

“Tsufa ne, Auta. Inji ma in ya daɗe yana aiki sai ya yi sanyi. Je ki yi zanenki.”

Ya ƙara muryar rediyon. Da hagu.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na kira Yaya a wurin aikinta. Ita ce babbarmu, tun rasuwar Mama ita ke yanke magana a gidan nan ko da ba a nan take kwana ba. Ta ce ita ba ta ga komai ba, ranar hutu ma ta zo sun yi hira lafiya lau. Na ce ta zo dai.

Ta zo da jakarta a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, “Baba, miƙo hannunka in gani.” Ya miƙa hagu yana murmushi. Ta ce, “Ɗayan.” Bai miƙa ba. Ta sa hannu a aljihunsa da kanta ta fito da shi, kamar yadda take mana muna yara in mun ɓoye alewa.

Ba zan rubuta yadda fuskarta ta yi ba.

A tsakar gida ta tare ni, murya ƙasa-ƙasa don kada ya ji. “Ke da kike zama kina ƙura wa hannun nan ido kullum? Kullum fa, Auta! Me kike kallo?”

Na ce haske nake kallo, da inuwa, da inda layi ya karya.

Ta ce, “Layi.” Ta maimaita, “Layi.” Ta ɗauki waya ta fara neman lambar asibiti.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Baba ya ce ba inda za shi. Yaya ta ce to ita ma ba inda za ta, ta zauna a ƙofar ɗakinsa da takalminta a ƙafa. Yanzu yana neman hularsa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Benci mai sanyi, warin magani, talabijin da ba murya. Wani yaro a layi yana riƙe da fitowa ta uku. Na juya fuska.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya sa Baba ya matse masa yatsa, ya riƙe takarda tsakanin yatsu ya ja, takardar ta zare ba wahala. Ya ƙwanƙwasa nan, ya tsikara can, ya duba wuya. Sannan ya ce, “Baba, tun yaushe?”

Baba ya ce, “Bai fi sati ba.”

Likita ya kalli Yaya, Yaya ta kalle ni. Ban san lokacin da na buɗe jaka ba. Hannun katakon Oga ne ya fara faɗowa ƙasa, ya yi ƙara, kowa ya kalle shi. Na tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa, na fito da mujallun na jera a kan teburin likita, na faɗi watan da na zana kowacce.

Ya daɗe yana dubawa, yana kai ido daga takarda zuwa hannun Baba. Ya ce, “Ke kika yi wannan? Kin taimake ni ƙwarai.”

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Asabar

Hoto, jini, wani hoton. Jira.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Sakamako ya fito. Likita ya faɗi sunan abin, Yaya ta sa ya sake faɗa ta rubuta a wayarta. Ni ba zan rubuta shi a nan ba. Daga wuya yake, can ne abin ya danne. Za a yi aiki ranar Alhamis ta sama. Ya ce abin da ya rage shi za su yi ƙoƙarin tsarewa, wanda ya riga ya tafi kuwa ba ya alkawari. Yaya ta tambayi abin da na roƙi Allah kada ta tambaya, wato da an zo da wuri fa? Likita ya gyara takardun gabansa ya ce yanzu dai an zo.

A mota ba wanda ya yi magana sai Baba, yana ta yaba yadda direban ke kauce wa ramuka.

Yanzu ƙarfe huɗu. Ina jin takunsa a baranda. Na kulle ƙofar ɗakin aiki.

Talata, ƙarfe tara na safe

Dandali ya cika da hotunan yatsu a lanƙwashe. An fara buga hannun a jikin riguna. Wani ya rubuta, “Allah ya sa a ta huɗu hannun ya guntule gaba ɗaya, wallahi sai na yi kuka!” Mutane suna ta danna masa alamar so.

Ba laifinsu ba ne. Na faɗa wa kaina haka tun safe, ban yarda ba tukuna.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Oga ya bugo, ban ɗauka ba. Ya sake bugowa. Na ce masa akwai rashin lafiya a gida. Ya yi jaje da gaske, har muryarsa ta sauka, sannan ya ce madaba'a ba ta san rashin lafiya ba, shafi ɗaya ya rage, in taimaka. Ban gaya masa hannun waye ba. In ya sani zai ji kunya, ko kuma ya ga talla a ciki, kuma ba na son in san wanne ne.

Na gwada da nawa hannun a madubi. Ya fito kamar na mai tallan sabulu. Na yaga.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na roƙi Yaya ta zauna min. Ta zauna tana duba agogo, ta lanƙwashe yatsu biyu kamar samarin dandali, sai ta ga abin da take yi, ta fizge hannunta ta tashi. Ta ce, “Ban iya ba, Auta, yi haƙuri.” A bakin ƙofa ta tsaya ta ce maganar da ta faɗa min ranar nan zafin rai ne, ita ma ai tana da ido. Na ce na sani. Ba mu kalli juna ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na bar ƙofar a buɗe da mantuwa, na fita sayen tawadar da ba na buƙata. Da na dawo na hango shi ta taga, zaune a kujerar roba, ya nannaɗe hannun riga, fitila a kashe. Na koma titi na zagaya layinmu har sai da na tabbata ya tashi.

Wace irin 'ya ce ni?

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na amsa wa ma'aikaciyar jinyar. Na rubuta dogo na goge, na rubuta wani na goge. A ƙarshe na ce, “Mahaifina ne. Mun je. Na gode.” Ta ce Allah ya ba shi lafiya, kuma ɗanta yana gaishe da Sarkin Tsatsa.

Litinin

Farar takarda.

Talata

Farar takarda. Na wanke labulen ɗakin aiki.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Gobe ne aikin. Yaya ta haɗa masa jaka tun rana, ta tafi sai da safe.

Ƙarfe huɗu Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Auta, korata aka yi daga aiki ba sanarwa? Ko an samu wani tauraron?”

Na buɗe. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya yi ta fama da hannun riga da hagu, ban taimaka masa ba don na san ba zai so ba. Ya ɗora hannun a inda ya saba. Na zauna, na kalli bango, na kalli kwalbar tawada, na kalli ko'ina ban da teburin.

Sai maganar ta fito da kanta. “Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya kalli fitilar da ke kashe. Sannan ya ce, “Tsoro na ji. Mai gyaran agogo ba hannu, me ya rage? Na ɓoye wa yayarki, don ita da ta gani sai asibiti. Na ɓoye wa maƙwabta. Ni kaina ba na kallonsa, a aljihu nake barinsa.” Ya gyara zama. “Ke kaɗai nake fito wa da shi. Kullum in sa miki shi a ƙarƙashin fitila, in ce ai Auta ta fi kowa ido a gidan nan, in abin tsoro ne za ta yi magana. Sai in ga kin duba, kin duba, kin sunkuya kina zane, har ki ce ya yi kyau. Sai hankalina ya kwanta in je in yi barci.”

Ba da faɗa ya faɗa ba, wallahi da murmushi ya faɗa, kamar yana ba ni labarin wani. Na kifa kaina a kan farar takardar na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti. Ya bar ni na yi mai isata.

Da na ɗago ya ce, “To, kin jiƙa takardar mutane. Kunna fitilar. Me mugun naku zai yi a ƙarshe?”

Na ce yana reto a gada, jarumi ya miƙo masa hannu.

“Ya kama ko bai kama ba?”

Na ce marubucin labarin ya bar min zaɓi.

Ya ce, “Kawo naki mu gani.”

Na kunna fitilar na miƙa masa. Ya ɗago nasa a hankali, ya kama. Yatsu uku ne suka riƙe ni, biyu suna kwance a tafinsa. Akwai ɗumi, akwai sauran ƙarfi, fiye da yadda na zata, ƙasa da yadda na sani. Na ga ramin nan da Alƙali ya zagaye da jan biro, na ga tabon, na ga farcen da ya yi tsawo saboda ba ya iya yankewa kuma bai roƙi kowa ba.

Ya ce, “Kin ba ni na dama. Da me za ki zana?”

Na ce, “Ba zane nake ba, Baba.”

Muka zauna a haka har rana ta yi sanyi. Daga baya na ɗauko abin yankan farce.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun shiga da shi. Kafin a tura gadon ya ce in gaya wa mai shago ya ƙara haƙuri da agogonsa, kayan sun kusa zuwa.

Benci mai sanyi. Yaya tana ta kai da kawo, ta zauna, ta tashi, ta tambayi duk mai farar riga da ya wuce. Ni na ɗora allon zane a gwiwa don hannuna ya samu abin yi. Ban san na fara ba sai da na ga shafin ya kusa cika. Ba fitila, ba kowa a gabana. Yau ne karo na farko da na zana hannu da ka.

Yaya ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe, sannan ta zauna ta jingina da ni.

Oga ya ce in ƙara lalata shi, Alƙali zai ce wani abu, masu riguna ma za su ce. Ban ƙara ba, ban rage ba. Yatsu uku sun kama, biyu suna kwance, farcen a yanke.

Ƙofar ba ta buɗe ba tukuna.